Akwatin da Inna Ta Yar

A layinmu Rediyo ake ce mini, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba, don wanda ya raɗa mini bai yi ƙarya ba. Haya nake yi da babur. Makaranta kuwa na leƙa ta, ita ma ta leƙe ni, muka rabu babu faɗa. Saboda haka duk inda kuka ga rubutun nan ya karkace, ku ɗan karkata kai ku karanta. Labarin maƙwabcina zan ba ku, Baba Mai Akwati, wanda bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa, bangon ma irin wanda in ya yi tari ni ke cewa sannu. Na daɗe da labarin a ciki yana cizona. Sai yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gida ya ce mini, "Je ka faɗa, kafin ya kashe ka."

Baba maƙerin akwatin ƙarfe ne. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Duro ake sayowa wanda aka gama da man cikinsa, a fasa shi, a babbaka shi a wuta maiƙon ya fita, a shimfiɗa a yi ta dukansa da guduma har ya miƙe. Sannan a yanka da almakashin ƙarfe, a lanƙwasa, a haɗa gefunan da ƙusa, a sa mariƙi biyu da wurin kwaɗo, a shafe da fenti, a zana furanni a marfi. Tun bai kai tsawon duron ba aka kai shi koyo a layin maƙera na bayan kasuwa, inda in za ka gaisa da mutum sai ka kama kunnensa ka yi ihu a ciki. A can Baba ya baro kunnensa na hagu. Har gobe in kana son ka yi gulmarsa a gabansa, ta hagu za ka tsaya. Na sha gwadawa.

A zamaninsa duk wanda zai bar gidan ubansa da akwatin layin nan yake fita: ɗan makarantar kwana, sabon soja, ma'aikacin da aka yi wa canjin gari. Ni ma ubana ya saya mini ɗaya a hannun Baba, kore shar, lokacin da aka ce za a mai da ni mutum. Akwatin ya fi ni daɗewa a makarantar, don ranar da na haura katanga ban iya ɗaukarsa ba.

Sai jiragen ruwa suka fara sauke nasu akwatunan. Na roba, na yadi, masu zif, masu taya. Mace ta riƙe shi da yatsa biyu yana bin ta kamar ɗan kare. Gudumar layin maƙera ta riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya, shagunan suka koma na masu sayar da cajar waya da rigar waya da gilashin waya. Ni ba zan yi wa kowa wa'azi ba. Babur ɗina daga ƙetare yake, wayata daga ƙetare, rigar jikina ta wata ƙungiyar ƙwallo ce ta garin da ban san gabas ɗinsa ba, kuma in aka ci su har abinci ba na iya ci.

Akwai ranar da na ɗauko Baba daga kasuwa, ya ce in tsaya gaban mai sayar da irin waɗannan akwatuna. Ya ɗaga ɗaya da hannu guda. Ya ja zif ɗin sama da ƙasa, ya durƙusa ya juya tayar da yatsa, ya leƙa ɗinkin ciki.

"Wannan ya fi nawa," in ji shi.

Na tsaya ina jiran ya ce amma. Bai ce ba. Ya hau babur muka tafi.

Duk da haka, kowace safiya Baba yana fita cikin farar riga wadda matarsa, Inna, ta wanke ta goge, da hula a karkace, ya ce ya tafi shago. Da yamma ya dawo da koren fenti a farcensa, yana ƙamshin fenti. Ni kuma ina zaune kan babur a ƙofar gida ina jiransa.

"Injiniya! Yau nawa aka fitar zuwa ƙasashen waje?"

"Ubanka aka fitar," in ji shi, ya wuce yana murmushi.

Inna ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nema, bar mini miji ya huta. Kai da ko fartanya ba ka iya ƙerawa ba."

Haka muke, kuma da haka na so mu ƙare.

Wata rana da hantsi na kai fasinja hanyar babban juji na bayan gari, inda motocin shara da masu tura kurar shara suke juyewa. A dawowa na hango wani tsoho kan tudun shara, da kwat wadda hannu ɗaya ya rabu da ita, da takalman roba ɗaya baƙi ɗaya ja, yana jan igiya a bayansa kamar mai kiwon akuya. Tafiyar na gane. Baba kafaɗar dama yake sawa a gaba, kamar har yanzu gudumar tana hannunsa.

Bakina ya riga hankalina, kamar kullum.

"Injiniya! Ashe reshe aka buɗe a nan ba a gayyace mu ba?"

Ya juyo. Na ga fuskoki iri-iri a kan titi. Na ga ta wanda aka kama da hannu a aljihun wani, na ga ta wanda wandonsa ya yage tsakiyar kasuwa. Irin wannan ban taɓa gani ba. Da ma fushi ya yi, da na samu sauƙi. Hannu ya kai kansa zai gyara hula, ya tarar babu hular, ya sauke hannun a hankali.

"Kashe injin," ya ce.

Na kashe. Ya ja ni bayan rumfar mai sikeli, wato mutumin da ke sayen ƙarfe a hannun 'yan bola da awo. A can na ga farar rigar a rataye cikin leda, an ɗaure bakin ledar tamau kada wari ya shiga. Hular tana ciki, wayarsa ma tana aljihun rigar a kashe, don kada Inna ta kira ta ji ƙarar motocin shara. A ƙasa ga sabulu, ga jarkar ruwa, ga ɗan gwangwanin koren fenti da tsinke a ciki. Da shi yake ɗiga wa farcensa kafin ya kama hanyar gida.

Shagon ya daɗe da barin hannunsa. Wani mai cajar waya ne a ciki. Igiyar da yake ja kuwa maganaɗisu ne a ƙarshenta, wanda ya ciro daga tsohuwar sifika, yana kamo masa ƙusoshi da guntayen ƙarfe daga cikin datti.

"Ƙarfe na sani," in ji shi. "Ko a cikin ƙazanta na gan shi, na san shi."

"Baba, to don me ba za ka faɗa wa Inna ba? Ai ba sata kake yi ba."

"Maƙeri ta aura."

"Auta fa?" Auta ita ce 'yarsu ɗaya tilo da ta rayu, tana aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, ta yi aure a can.

"Auta tana can tana gaya wa mutane ubanta yana da masana'anta. In ta ji, cewa za ta yi in zauna a gida ta riƙa aiko mini. In zauna in yi me? In kori ƙuda?" Ya kama hannuna da nasa mai kaushi kamar bayan tukunya. "Rediyo, na san ba ka taɓa riƙe magana ta kwana a cikinka ba. Wannan za ka riƙe. Rantse."

Na rantse.

Abin da bai faɗa mini ba, mai sikeli ne ya faɗa mini daga baya. Akwatunan Baba suna zuwa jujin nan. Mutane suna gyara ɗaki, su kira mai kura ya fitar musu da tsohon ƙarfe. Baba yana hango nasa tun daga nesa, ta yadda yake naɗe kusurwa. Zai je ya buɗe, ya leƙa ciki, ya shafa marfin. Sannan ya hau kai da ƙafa ya tattake shi ya zama faifai, don sikeli bai san fure ba, nauyi ya sani. Sauran 'yan bola sun gane, suka bar masa. Duk akwatin ƙarfen da ya shigo, na Tsoho ne. Haka suke kiransa a can.

Daga ranar nan tsokanar ƙofar gida ta zama mini aiki. In na daina, Inna za ta ce lafiya. In na ci gaba, kalmar Injiniya tana fitowa daga bakina kamar ina tauna yashi. Shi ma yana amsa mini da zaginsa na kullum, amma ba ya kallona.

Ana nan sai Auta ta ce za ta zo ganin gida da mijinta, mutumin can ƙasar, wanda bai taɓa zuwa ba. Kafin su zo ta turo masu aiki. Aka sa tayil a ɗakin Inna, fari tas, irin wanda mutum ke jin kunyar takawa. Aka shafe bango, aka kawo kabad mai madubi, aka kawo akwatuna masu taya, babba da matsakaici da ƙarami, duk kala ɗaya. Matan layi suka yi ta shiga kallo. Matata ta dawo ta yi kwana da kwanaki tana yi wa ɗakinmu kallon banza, ni ma ta haɗa da ni.

Wata azahar ina kwance ina hutawa na ji Auta a waya ta bango, Inna tana zagayawa da ita tana nuna mata ɗakin.

"Inna, tsaya. Koma baya. Wancan fa? Har yanzu tsohon ƙarfen nan yana nan?"

"Akwatina ne."

"Haba Inna. Dubi yadda ya zubar da tsatsa a kan tayil. Don Allah a fitar da shi kafin mu zo. Ga sababbi na aiko miki. So kike surukinki ya ce a bola muke kwana?"

Na ji ƙarar jan ƙarfe a ƙasa, sai kuma ƙarar goga, Inna ta daɗe tana gogawa.

Kwana kaɗan bayan haka ina wucewa ta hanyar juji da rana tsaka, sai ga Baba a bakin titi cikin kwat ɗinsa, yana ɗaga mini hannu. Shi da kullum in ya hango ni yake juya baya. A gefensa akwai wani abu an rufe da buhu. Ya ɗaga gefen buhun. Akwati ne, tsoho, shuɗinsa ya koɗe, gindin duk tsatsa. Na san shi. Tun ina shiga ɗakin Inna ina satar sukari yake kusurwar gado.

"Ta ce mini ta kai shi gidan ƙanwarta ajiya, sai baƙi sun tafi," in ji Baba. "Na ce to. Da safen nan mai kura ya juye shi a gabana."

"Baba…"

"Na hau kansa. Ƙafata ta ƙi."

Na ce, "To mu kai shi gida mana."

"In ce mata a ina na samo? Ita kuma ta ce mini me?" Ya mayar da buhun. "Wadda ta yar da abu ba ta son ganinsa. Kai shi rumfar da kake ajiye babur, ka rufe. Kada ta sani. Rantse."

"Baba, ai na riga na rantse."

"Waccan daban. Wannan sabuwa ce."

Na rantse. Na ɗaure akwatin a bayan babur, na bi ta lungu, na tura shi bayan tsofaffin tayoyi a rumfata.

Washegari da safe, Baba ya fita cikin farar riga, can da hantsi sai ga Inna a rumfar, da mayafin fita unguwa, idanunta a kumbure. Tana tsaye, akwatin yana bayan tayoyi, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Na koma na tsaya a tsakiya ina goge madubin da ba shi da datti.

"Ɗan nema, zo. Zan gaya maka magana, in ta fita bakinka ban yafe ba. Rantse."

Na ce a raina, wannan gida sun mai da ni kotu. Na rantse.

"Akwatina na ba mai kura. Na yi wa Malam ƙarya. Tun ranar abinci ba ya wuce mini. Jiya ya shigo ya tsaya yana kallon kusurwar nan, bai ce komai ba, ya ce mini sannu da aiki. Sannu da aiki, Rediyo!" Ta share ido da gefen mayafi. "Na tare mai kurar, ya ce babban juji yake kaiwa. Kai ni."

"Inna, wurin nan ba na mutunci ba ne. Wari, ƙuda, karnuka…"

"Kai ni."

"Tayata ba iska."

Ta danna tayar da ƙafa. "Kai ni, ko in hau wani."

In ta hau wani, zai sauke ta tsakiyar juji ta shiga nema da kanta. Sai na yi dabara. Zan kai ta bakin rumfar mai sikeli kawai, ya ce bai gani ba, mu juyo. Da yamma in lallaɓa Baba ya warware mini rantsuwa in ce ni na tsinto. Na zaga bayan gida na kira wayarsa don ya ɓuya. A kashe. Tana cikin leda, cikin aljihun farar riga, inda ya ajiye ta don kada Inna ta gano shi.

Ban taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba. Masu keke suna wuce mu. Na bi ta hanya mai nisa, Inna ta ce, "In man ne kake son ƙonawa, naka ne."

Mai sikeli ƙato ne, muryarsa kamar ta motar shara. Tun kafin in kafe babur na fara yi masa alama da ido. Inna ta gaishe shi, ta rufe hanci da mayafi, ta ce tana neman wani akwatin ƙarfe da aka kawo.

"Akwatin ƙarfe? Ai Tsoho ne mai su."

Na yi tari. Na taka masa ƙafa.

"Kai lafiya? Idonka ke ciwo ko ƙafarka?" Ya ture ni, ya haɗa hannu a baki. "TSOHO! Fito, ga baƙuwa!"

Ya fito daga bayan tudu, buhu a kafaɗa, igiya tana binsa. Ya taho kansa a ƙasa yana duba inda zai taka, sai da ya zo kusa ya ɗago.

Inna ta saki mayafin daga hancinta. Ta dubi takalman, ta dubi kwat ɗin, ta dubi hannayen. Buhun ya zame daga kafaɗar Baba, ƙarafan ciki suka yi ƙara. Ni kuwa na samu wani ƙullin leda a ƙasa na zuba masa ido kamar zai yi magana.

"Ga ta nan, wai akwati take nema," in ji mai sikeli, bai san komai ba. 'Yan bola biyu da ke jiran awo suka matso kallo.

Inna ce ta fara. Muryarta ta fito siririya, irin wadda take gaida baƙo da ita.

"Sannu da aiki, malam."

"Yauwa. Sannu."

"Wani akwati nake nema."

"Wane iri?"

"Shuɗi ne. Da can shuɗi ne. Akwai jajayen furanni a marfin, ɗaya ya fi sauran girma, don mai zanen ya yi atishawa fentin ya zube, ya mai da shi fure. Marfin ba ya rufuwa sai an danna kusurwar dama da gwiwa."

"Aikin ɗan koyo ke nan," in ji Baba, yana kallon buhunsa. "Wanda ya yi shi bai iya ba."

"Shi ne na farko da ya ƙera shi kaɗai, ba maigida a kansa. Ya so ya gyara marfin. Ni na hana."

"To, Mama, abu mai tarihi haka, ya aka yi ya zo nan?" in ji mai sikeli.

Inna ta ce, "Mai shi ce ta ji kunyarsa."

"Abin da ya tsufa ai yar da shi ake yi," in ji Baba. "Ba laifi ba ne."

"Laifi ne." Ta dube shi. "Malam, ka daɗe kana aiki a nan?"

"An ɗan jima."

"Iyalinka sun sani?"

"A'a."

"Tana can tana goge maka farar riga, tana yi wa mata alfahari wai mijinta ya iya aiki da tsafta, rigarsa ba ta datti. Ba ta taɓa tambayar kanta ba. Wace irin mata ce wannan?"

"Ba laifinta ba ne. An ɓoye mata ne."

Mai sikeli ya dubi Inna, ya dubi Baba, ya dube ni. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya sosa ƙeya, ya daka wa 'yan bolan nan tsawa wai su zo su taya shi ɗaga wani abu a bayan rumfa, duk suka ɓace.

Muka rage mu uku da ƙuda. Baba ya nuna ni da haɓa.

"Yana rumfar wancan."

Inna ta juyo kaina, kuma wallahi na ga ta ji daɗin samun wanda za ta iya kallo.

"Kai ɗan nema! Yana rumfarka? Ina tsaye ina kuka a gabanka yana rumfarka?"

"Inna, rantsuwa uku kuka ɗora mini ku biyu. Ko jaki aka yi wa haka sai ya durƙusa."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya ce ta tafi gida, wurin nan ba nata ba ne. Ta ce ta ji. Sai ta jawo wata tsohuwar taya ta zauna a kai da zanen fitarta, ta ce za ta ga yadda ake awon. Dole Baba ya ɗauki buhun ya ɗora a sikeli a gabanta. Ƙugiyar sikelin ta ƙi shiga, sai da mai sikeli ya dawo ya kama masa, shi ma kansa a ƙasa. Da aka gama ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta ce mini mu tafi.

A hanya, da muka zo wajen masu kayan gini ta taɓa kafaɗata ta ce in tsaya. Ta shiga, ta fito da safar hannu mai kauri irin ta masu ɗaukar bulo.

"Ka ga tafin hannunsa?" in ji ta. "Duk yanka. Ni da nake zuba masa ruwan wanke hannu kullum."

Da la'asar ni da matata muka kama akwatin, kowa da mariƙi ɗaya, muka mayar da shi kusurwarsa. Inna ta shimfiɗa kwali a ƙarƙashi saboda tayil.

Kada ku ce daga nan komai ya warware. Kwanaki bangon nan bai kawo mini komai ba sai ƙarar cokali. Mutanen da suka tsufa tare suka koma kamar baƙi a ɗakin jiran likita. In za ta ba shi abinci sai ta ajiye ta fita tsakar gida. In zai fita sai ya yi sallama da labule. Safar hannun ma ba ta iya ba shi ba, ni ta ba in kai masa juji. Ya karɓa ya juya ta, ya sa a aljihun kwat, sai da na ba da baya ya saka.

Ranar da su Auta suka iso na gayyaci kaina cin abinci, don maƙwabci ba ya jiran kati. Inna ta rufe akwatin da mayafin tebur mai leshi, ta ɗora farantin kofuna a kai. Surukin dogo ne, mai fara'a, ba ya jin yarenmu ko sannu, waya a hannu yana ɗaukar hoton komai, har da babur ɗina da kajin matata. Tayil ɗin da aka sha wahala a kansa ko kallo bai yi masa ba. Kofinsa ya zo ajiyewa ya ji ƙarar ƙarfe, ya ɗaga leshin.

"Inna!" in ji Auta a hankali, ta zaro ido.

Kafin Inna ta amsa, mutumin ya sauke farantin ƙasa, ya durƙusa gaban akwatin. Yana shafa furannin, yana bin ƙusoshin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana ta zuba yarensu. Fuskar Auta ta canza kala biyu kafin ta fassara.

"Wai da hannu aka yi wannan? Wai a can irinsa sai gidan masu hali, a falo suke ajiyewa." Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Na ce masa Baba ne ya ƙera." Mutumin ya miƙe ya kama hannun Baba da hannu biyu yana girgizawa, ya ƙara wata magana. "Baba, wai don Allah gobe ka kai shi masana'antar. Yana so ya ga yadda ake yi, ya ɗauki hoto ya nuna wa mahaifinsa."

Baba ya dubi kofin shayinsa kamar zai samu amsar a ciki. Na ga gumi ya tsatsafo masa a ƙarƙashin hula.

"Ce masa an rufe layin," in ji Inna. Ba ta ɗago ba, tana ta jera kofunan da aka riga aka jera. "Gyaran hanya ake yi. Ba a shiga. Ko ba haka ba, Rediyo?"

"Haka ne, Inna," na ce. "Jiya ma da ƙyar na fito da babur. Ramuka ko'ina. Wani ramin in ka faɗa sai an kira 'yan kwana-kwana. Har wata motar yashi…"

Baba ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na yi shiru.

Auta ta fassara. Surukin ya nuna bai ji daɗi ba, ya ce to sai wani zuwan, ya koma ɗaukar hoton akwatin ta gaba da ta gefe. Auta ta durƙusa kusa da shi tana nuna masa babban furen, tana cewa tun tana ƙarama take son wannan. Inna ta kwashi farantin ta nufi ƙofa. Da ta zo wucewa ta bayan Baba, ta ɗan tsaya, ta gyara masa wuyan farar rigar da ya lanƙwashe, sannan ta fita. Ta daɗe a madafa, ba kuma abin da ke kan wuta.